Tabawa da Ƙaurin Hayaƙi

A wani ƙauye can da, an yi wata yarinya mai son jiki, sunanta Tabawa. Da ruwan damina ya matsa, gwaggonta ta mai da murhu cikin ɗaki, jiƙaƙƙen itace ya cika ko'ina da ƙaurin hayaƙi.

Ran da gari ya washe, gwaggo ta ce, "Tabawa, ki fid da ƙaurin nan kafin in dawo daga gona. In ya fita, da ke za a je biki gobe."

Tabawa ta dubi kunkunniyar rufin ɗaki, ta dubi tulin wanki. Sai ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta ƙara zubawa, ta ja ƙofa ta tafi wasa.

Gwaggo na shigowa ta yi atishawa. Ta shinshina tabarma, ƙauri. Ta shinshina labule, ƙauri. Ta shinshina zanen bikin Tabawa, ƙauri.

"Ke 'yar nan, cewa na yi ki kore shi, ba ki yi masa kwalliya ba!"

Washegari ana ta kiɗa a gidan biki, Tabawa kuwa tana bisa turmi da doguwar tsintsiya tana kakkaɓe kunkunniya, tabarma da labule suna shan rana a tsakar gida.