Kai da Ku a Gidan Pak Wiryo

"Kwamfutar ba za ta bar gidanmu ba," in ji budurwar. "Babana ya ce ko bakin ƙofa ba za ta leƙa ba. Ku za ku zo ku same ta."

Galih ya ajiye sukundireban da ke hannunsa, ya dube ta da kyau. Bai daɗe da tasowa daga Surabaya ya buɗe ɗan shagon gyara a birnin Solo ba, kuma bai taɓa ganin idanu irin waɗannan a bakin tebirinsa ba.

"Ni fa ba na bin gidaje," ya ce. "Amma in akwai abinci, sai a duba."

"Duk ranar da kuka zo akwai shinkafa da kaza a ruwan kwakwa. Sharaɗina ɗaya ne, kada abin da ke cikinta ya taɓu. Mahaifiyata mawaƙiya ce, ta rasu. Muryarta babu ita ko'ina sai a ciki."

"An gama. Sunanki?"

"Laras."

Ciniki ya faɗa. Shi dai a ransa ya san ba shinkafar ya saya ba.

Washegari ya tarar da mahaifinta Pak Wiryo, wato Malam Wiryo, zaune kusa da kwamfutar kamar mai jinyar mara lafiya. Galih ya miƙa masa hannu kai tsaye, ya ce, "Baba, kai ne mai ita?"

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi 'yarsa, ya ƙi karɓa. Harshen mutanen Solo hawa biyu ne, akwai na "ku", akwai na "kai", kuma ba a hawa na ƙasa a gaban babba. A Surabaya kuwa wanda kake so shi kake ce wa "kai", har ka ɗora masa ɗan zagi don daɗi.

Galih ya danna maɓalli. Shiru, ko fanka ba ta motsa ba. Ya canza wayar wuta, shiru. Ya kwance murfin, ya sunsuna.

"Akwatin da ke raba mata wuta ne ya ƙone. Ji ƙauri. Rumbun ajiyarta lafiya lau, muryar Mama tana nan."

Laras ta sauke ajiyar zuciya, ta yi masa murmushin da ya sa ya manta inda ya ajiye kusoshi.

Sai idonsa ya faɗa kan RAM, 'yar siririyar sandar nan mai haƙoran zinariya wadda in babu ita kwamfuta ba ta tuna ko sunanta. An manna mata takardar wani shago, har da sunan mai shi da lambar waya.

"Wane ne Danang?"

"Ɗan maƙwabtanmu ne, tare muka tashi. Shi ma sana'arku yake. Ya ce ta asalin ta mutu, ya sa wannan, amma ba ta tashi ba."

Kamar an kira shi, sai ga Danang ya shigo, dogo, da riga a goge. Ya ɗan duƙa ya gai da tsohon da harshe mai laushi, tsohon ya washe baki. Laras kuwa ta harare shi.

"Kai, mayunwaci, ƙamshin kaza ka jiyo ko?"

"Ke dai ba ki iya girki ba, tausayinki nake ji."

Suka tuntsire da dariya. Sannan ta juyo wajen Galih, ta sunkuyar da kai. "Ku sha shayi kafin ya huce."

Galih ya ajiye kofin shayin. Wato shi ne "ku", baƙon da ake sallama da ladabi, wancan kuma shi ne "kai".

Danang na fita, Galih ya zare sandar RAM ɗin ya miƙa mata. "Mayar wa mai ita. Jabu ce."

Ƙarya yake yi. Ko gwada ta bai yi ba.

Akwatin wuta abu ne da ake saya a ɗaura kafin a kira la'asar, amma Galih ya ja aikin kamar igiyar rijiya. Yau ya zo aunawa, gobe ya zo share ƙura. Ya ɗauki Laras a babur suka zaga kasuwa, yana ɗaga akwatuna yana ce mata, "Ɗauki ki ji. Mai kyau nauyi gare shi. Wannan mara nauyin, ranar da zai mutu sai ya tafi da maƙwabtansa." Ita kuma tana kallon hannayensa maimakon akwatin.

Da yamma saƙonta ya shigo, tana kiransa Mas, wato Yaya: "Kun isa lafiya, Mas Galih? Na ga ba ku ci da yawa ba."

Ya rubuta: "Na isa, Fitilata. Ki rage wa mayunwacinki sauran."

"Kishi kuke yi?"

"Ni? Da mai sayar da jabu?"

Ta turo masa fuskar dariya kawai. Wannan dariyar ta hana shi sukuni har gari ya waye.

Ranar da ya ɗaura sabon akwati, fanka ta juya, 'yar koriyar fitila ta kama. Pak Wiryo ya miƙe tsaye. Sai kwamfutar ta hau kuka, ƙiii, ƙiii, fuskarta baƙi ƙirin. Galih ya ciro tsohuwar RAM ta asali da ya sa a madadin ta Danang, ya goge haƙoranta da magogin fensir, ya mayar. Kukan bai daina ba. Ya ɗauko sababbi daga jakarsa, ko shiga ramin ba su yi ba, don tsagar da ke tsakiyarsu ba a wuri ɗaya take ba. Danang ya yi gaskiya, cuta biyu ce a jikin kwamfutar, kowannensu ɗaya ya gano.

Yana haɗa kayansa ya jiyo muryar tsohon daga ɗaki.

"Yaron nan yawan zuwansa ya fi aikinsa. Bakinsa babu hawa, hannunsa babu sa'a. Ki cire shi a ranki. Iyayen Danang sun yi min magana, ni kuwa na fi karkata can."

"Baba, ku yi haƙuri, ni ba na..."

"Na gama."

Galih ya karaɗe kasuwar Solo kaf. Kowa sai ya ce, "Irin ta da? Ai an daina. Je wurin Danang, shi ke tara tsofaffin kaya." Ya yi tunanin ya yi odar ta daga wani gari, ya ce tasa ce. Amma ya tuna yadda tsohon ya miƙe tsaye da ganin koriyar fitila, ya ji kunya ta rufe shi.

Ya sami Danang a shagonsa yana cin soyayyar ayaba.

"Ah, mutumin Surabaya! Ka zo sayen jabu?"

"Ba jabu ba ce. Ƙarya na yi. Haushinka nake ji."

"Haushina? Na me?"

"Da kai Laras take sakewa. Kai take ce wa 'kai'. Ni kullum 'ku', 'ku', kamar mai karɓar haraji."

Danang ya daina tauna. Ya yi wata dariya da ba ta kai zuci ba.

"Amma kai jaki ne. A garin nan mace tana ce wa ƙaninta 'kai', ta ce wa mai kayan miya 'kai'. Ina ma ka taɓa jin yadda marigayiya take yi wa Pak Wiryo magana. Mijinta mace take ɗaga wa harshe. Tun muna yara nake jira Laras ta ce min 'ku' ko sau ɗaya, ba ta taɓa ba. Kai ka samu a banza, kana kuka."

Ya buɗe aljihun tebir, ya cillo masa sandar. "Ɗauka. Don Mama na ba ka, ba don fuskarka ba."

"To ka ƙara min abu ɗaya. Koya min yadda ake gai da tsoho."

Da Galih ya koma gidan, bai miƙa hannu ba. Ya durƙusa, ya haɗa tafukansa, ya shiga harshen sama yana tuntuɓe kamar mai tafiya da takalmin aro.

"Baba, ku gafarce ni. Kayan Danang mai kyau ne, ni na ɓata masa suna saboda kishi. Na kuma ja aikin don in riƙa ganin 'yarku. Ku ba ni izini in gyara."

Garin ladabi ma har ya girmama kansa a inda ya kamata ya girmama tsohon. Laras ta toshe baki a bayan labule.

Galih ya danna sandar ta zauna daram. Ƙit, ƙara ɗaya gajeriya, sai fuskar ta yi haske. Laras ta matso ta buɗe waƙa ta farko. Muryar mahaifiyarta ta cika ɗakin, siririya, a hankali. Pak Wiryo ya juya musu baya, kafaɗunsa suna rawa.

Da waƙar ta ƙare ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Harshenka abin tausayi ne. Amma wanda zai durƙusa ya tona kansa, ana iya koya masa sauran. Ka turo manyanka."

A bakin ƙofa Galih ya yi ƙasa da murya. "Fitilata, tun ranar farko kike ce min 'ku'."

"Tun ranar farko nake gaya muku, Mas. Ku ne ba ku jin magana."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Da aka zo wurin da amarya ke wanke wa ango ƙafa a al'adarsu, muryar marigayiya ce ke tashi daga tsohuwar kwamfutar, dattawa suna ta sa albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Pak Wiryo ya sami muryar matarsa. Galih ya ci shinkafa, ya tafi da mai dafa ta. Laras ta sami mijin da har yau in ta gai da mai gyaran famfo da ladabi sai ya tsuke fuska. Danang ne ya yi asara, sanda da budurwa a rana ɗaya. Duk da haka shi ya ja wayar lasifika a wajen bikin, kuma da amarya ta hango shi ta ce, "Kai, mayunwaci, ka ci kuwa?" ya ce ya ci.