Bayahudiyar Munawwara

"Ki goge shi kawai, Munawwara! Me zai rage miki?"

Hambali ne, wanda aka sa mana rana, tsaye a zauren gidanmu na Gwaram. Ko gaisawa ba mu yi ba.

Labarin da nake rubutawa a waya yake nufi. Na ƙirƙiri Rahila, Bayahudiyar da ta biyo mahaifinta ƙaura zuwa Kano a zamanin Turawa. Mai kantin da take wa aiki ya yi mata ciki, danginta suka kore ta, shi kuwa bai fasa zama sahun gaba a wurin ibadarsu ba.

"Ka karanta?" na tambaye shi.

"Har ƙwalla na yi, rabin raina. Amma zancen ya kai kunnen Innata a Birnin Kudu. Wai budurwar da ta iya kwatanta wannan abin... ta san shi a jikinta."

"Sai me?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce kafin ɗaurin aure... a kai ki wurin ungozoma ta duba ki."

Ji na yi kamar an watsa min tafasasshen ruwa.

"A duba ni? Ni? Yayanka Ashiru da ya lalata 'yar mutane a Kiyako, wa ya duba shi? Gona aka ba shi, aka yi masa biki! Yarinyar har yau kunyar fita ɗiban ruwa take!"

"Wallahi ba ni na ce ba..."

"Kai me ka ce mata?"



"Na ce zan lallaɓa ki."

Gyaran muryar Baba muka ji. Ashe yana bayan ƙofa, zai fita masallaci sallar la'asar.

"Hambali, ka gaya wa mahaifiyarka ni ma ban so rubutun nan ba, na yi mata faɗa. Amma 'yata ba akuyar kasuwa ba ce da za a buɗe mata baki a duba. Gobe kayanku na aure za su iso muku."

Hambali ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Munawwara, ki ba ni lokaci in yi magana..."

"A gaban Innarka ya kamata ka yi ta."

Na tsaya ƙyam har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Sannan kuka ya ƙwace min, don har ga Allah ina son sa.

Baba ya dafa kaina.

"Yi kukanki, uwata. Na gode da ba ki yi shi a gabansa ba."