Koriyar Motar da Ta Ƙi Isowa

A garin Tuam da wuya ka ji mai kiransa da sunansa na gaskiya in ba mahaifiyarsa ba. Fintan Geraghty aka raɗa masa, amma daga kasuwar shanu har ƙofar coci, Wata-mai-zuwa ake ce masa. Wasu su ce yaro ne mai kunya, ba ya iya ce wa mutum a'a. Wasu su ce kunyar ce jarinsa, da ita yake sayar da motocin da ko taya ɗaya ba a ɗaura musu ba tukuna. Matar mai gidan burodi kuwa cewa take, duk wanda zai ba ka labari maras daɗi yana murmushi, to akwai abin da ya danne bai faɗa ba.

Nessa Hession, malamar firamare, ta ji duk wannan kafin ta taɓa ganinsa. Don haka ranar da ta raka mahaifinta gidan sayar da motoci cikin watan Oktoba, da shirinta ta shiga.

Mahaifin nata, Malachy, makiyayin shanu ne da bai taɓa sayen sabuwar mota ba a rayuwarsa. Burinsa ɗaya: Lahadin farko ta Janairu ya faka a ƙofar coci da lambar sabuwar shekara, tunda a can lambar mota tana nuna shekarar da aka yi mata rajista, kowa ya karanta ya san ba ta hannu ba ce.

"Koriya nake so, mai duhu," in ji shi, yana buga tebur da yatsa. "Kuma mai giyar hannu. Kada ka kawo mini otomatik ɗin nan ta tsofaffi. Mutum da ƙafafunsa biyu, mota ta riƙa yi masa tunani?"

"Yadda kake so za a ƙera maka ita, Mista Hession," in ji Fintan. "Masana'anta ta ce Janairu."

"Masana'anta ta ce, ko kai ka ce?" Nessa ta tsoma baki.

Sai lokacin ya dube ta sosai. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ni ɗan aike ne kawai. Da ni nake ƙera su, da yau kin tafi da ita."

"Ba tawa ba ce."

"To kin ga na yi asarar dalilin sake ganinki."

Bai yi asarar ba. Malachy ba ya karanta saƙon waya, sai aka rubuta lambar Nessa. Bayan 'yan kwanaki tana cikin duba aikin yara saƙo ya shigo:

"Barka da rana, Malama. An ba motar babanki gurbi a layin masana'anta. Ni kuma ina neman gurbi a layin masu shan shayi da ke ranar Asabar."

Ta rubuta: "Sai wata mai zuwa."

Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. "Asabar da yamma. In ka ɗaga rana, ka ɗaga ke nan har abada."

Bai ɗaga ba. Bai kuma taɓa ɗagawa ba. Suka riƙa zuwa bakin teku a Salthill suna cin soyayyen kifi da dankali, iska na kaɗa musu gashi. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Ɗan aike. Duk da haka wani sashe na zuciyarta bai kwanta ba, kullum kunnenta a buɗe, tana jiran ranar da za ta kama shi da ƙarya. Shi kuwa in ya ga ta ƙura masa ido sai ya ce, "Yau kuma maki nawa na ci?"

Janairu ta zo babu mota. An ce wasu 'yan kayan lantarki ne suka yi ƙaranci, an mayar da rana Maris. Malachy ya tafi coci a tsohuwar motarsa, abokansa suna ta leƙen lambar suna cewa, "Sabuwar taka ta tsufa da wuri, Malachy!" Ya yi dariya tare da su. Har ya ce wa Nessa ta kawo yaron su ci abincin Lahadi, aka zauna ana zolayarsa yana shanyewa.

Cikin Fabrairu ne abubuwa suka sauya. Malachy ya shiga gari shi kaɗai wata rana, ya dawo ba ya ko amsa sallama. Daga nan in an ambaci Fintan sai ya tashi ya fita. Ya kuma ɗauki wata sabuwar ɗabi'a ta miƙa wa Nessa makulli. "Tuƙa mu. Wannan akwalar ta fara mace mini a kowace mararraba."

Ran nan cikin Maris, Nessa na tsallakar da yara titi, sai ga wata mota koriya mai duhu, sabuwa fil, ta tsaya tana ba su hanya. Gilashi ya sauka. Dervla Coen ce, mai shagon gyaran gashi, wadda duk garin ya san ta taɓa yin soyayya da Fintan.

"Nessa, ƙawata! Kin ga abin arziki? Bayan Kirsimeti fa na yi oda. Fintan ne ya kira ni da kansa. Allah sarki, ba ya manta mutanensa."

Nessa ba ta jira aka tashi daga aiki ba, ta je gidan sayar da motoci ta kira Fintan waje.

"Motar Baba ce?"

Ya juya makullai a hannu. "Ita ce aka ƙera a gurbinsa."

"Ka ba Dervla."

"Ita ke biye a layin masu neman irinta."

"Shi kuma fa?"

"Ya koma ƙarshen layi. Yuli suka ce yanzu."

"Me ya sa, Fintan?"

"Ba zan iya gaya miki ba, Malamata. Maganar ba tawa ba ce ni kaɗai."

"Na sani. Taku ce kai da ita."

"Nessa, dube ni. Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ban kama ka ba dai," in ji ta. Ta juya kafin ya ga hawayen.

A gida Malachy ya yanke hukunci ba tare da ya ɗago kai daga faranti ba. "Kada ya ƙara taka mini gida."

Matarsa Breda ta ajiye butar shayi, ta dube shi. "Abin mamaki. Kai da ka yi shekara kana rigima da maƙwabci kan shinge, an ɗauki motarka an ba wata, ko wurin manajansu ba ka je ba?"

"Ba na son tashin hankali."

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Labari ya zaga gari. Mutane suka fara janye odarsu suna kaiwa birnin Galway. A kasuwar shanu aka ce manajansa ya ja masa kunne, wai in abin ya ci gaba sai dai ya nemi wani aikin. Shi bai kare kansa a gaban kowa ba. Saƙonninsa kuwa ba su daina zuwa ba:

"Barka da rana. An ɗaga zuwa Satumba, jirgin ruwa bai samu wuri ba. Ina nan."

"Barka da rana. Nuwamba suka ce yanzu. Ba ni da tabbas, ba zan ce miki ina da shi ba. Ina nan."

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ba ta kuma goge ko ɗaya ba.

Ƙarshen Nuwamba aka ce mota ta iso. Malachy ya ce a bar ta can sai Janairu, shi ba zai jira shekara guda ba sannan a manna masa lambar shekarar da ke ƙarewa. Wannan kowa zai yi. Abin da ya tsaya wa Nessa a rai shi ne da ya ƙara da cewa shi kaɗai zai je ɗauko ta, ba ya son rakiya. Mutumin da ya so duk gari ya gani?

Ta ce a ranta, wannan karon da idonta za ta gani, ko motar ta zo, ko wata ƙaryar ce.

Ta iske Fintan a filin bayan gidan sayar da motocin, ya rame, kwat ɗinsa ya yi masa yawa. Da ta ce ya ba ta makulli sai ya noƙe.

"Gara ki bari babanki ya zo da kansa."

"Akwai ta ko babu?"

Ya yaye tamfol. Ga ta nan, koriya mai duhu, ledoji a kan kujeru. Nessa ta shiga ta zauna, ta riƙe sitiyari. Ƙafarta ta hagu ta kai wurin kuloci don kanta, ta taka iska. Ta sunkuya ta duba. Birki da totur ne kawai.

"Otomatik!" Ta fito a fusace. "Shekara guda, kuma ku kawo masa wadda ya fi tsana? Ka san abin da zai..."

Ta tsaya. Fintan bai ce an yi kuskure ba. Ƙasa kawai yake kallo.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar motar da ke mace masa a mararraba, alhali ita ba ta taɓa mace mata ba. Makullin da yake miƙo mata. Yadda yake dafa bango in zai cire takalmi.

"Ƙafarsa ce," ta faɗa a hankali. "Shi ya sauya odar."

"Ban ce komai ba."

"Kuma duk wanda ya sauya, gurbinsa ya tafi."

"Wannan dokar masana'anta ce, kowa zai iya gaya miki."

Ta rufe fuska da tafukanta. "Ɗan aike, me ya sa ka bari na yi maka wannan zato?"

"Na yi alkawari. In na karya nasa don ki yarda da ni, da wane baki zan yi miki nawa?"

Ta samu mahaifinta a rumfar shanu. Bayan ƙofa ga sanda a jingine, wadda ba ta taɓa gani a cikin gida ba. Ta ɗauko ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya karɓa.

"Likita ya ce jijiya ce, ba za ta dawo ba," in ji shi. "In mahaifiyarki ta ji, sai ta sa na sayar da shanun nan."

"Wannan na gane, Baba. Amma me Fintan ya yi maka da ka hana shi gida?"

Ya shafa wuyan wata saniya. "A ofishinsa na faɗa masa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Ya rufe ƙofa, ya kawo mini ruwa. Ta yaya zan zauna tebur ɗaya da yaron da ya ga haka?"

"To ka ba shi haƙuri."

Ya gyaɗa kai. Amma bai ba shi ba.

Breda da ta ji, cewa ta yi ita tun bazara ta ga sandar, jira take ta ga iyakar taurin kansa. Ba a sayar da shanu ba. Fintan ya dawo cin abincin Lahadi. Da ya nemi auren Nessa, Malachy ya miƙa masa hannu, ya ba su karsana mafi kyau a garken, ya riƙa tura masa naman da ya fi laushi. Kalmar ban haƙuri dai ta ƙi fita. A gari kuwa har yanzu ana cewa Hession mutumin kirki ne, ya yafe wa wanda ya cuce shi.

"Bar shi, Malamata," Fintan yakan ce. "Na samu abin da nake jira."

"Sunanka da aka ɓata fa?"

"Za ki ɗauke shi a haka?"

"A haka," in ji ta, amma abin na cinta.

An ɗaura aure cikin Yuni. Koriyar motar ce ta kai amarya coci, an ɗaura mata fararen ƙyallaye, Malachy a sitiyari. A wurin walima rabin garin ya hallara, har da matar mai gidan burodi da Dervla. Da aka zo jawabin uban amarya, Nessa ta ga mahaifinta ya sa hannu ƙarƙashin tebur. Ya fito da sandar, ya dogara da ita ya miƙe a gaban kowa. Duk idanu suka koma kansa.

"Kun ga wannan? Ita ta jinkirta motata, ba yaron nan ba. Ni na je na sauya oda don ƙafata ta mutu, ya gargaɗe ni zan rasa gurbina, na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Kuka zage shi, na ji, na yi shiru. Har na taya ku."

Ya juya ga ma'auratan.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana irin ta ubansu."

Aka amsa da amin. Nessa ta damƙe hannun mijinta a ƙarƙashin tebur. Malachy bai zauna ba. Ya gyara tsayuwa a kan sandar, ya dubi angon ido cikin ido.

"Fintan, ɗana. Na zalunce ka. Ka yafe mini."