Motar Ƙwai Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe biyu na rana aka bugo wa Sufeto waya daga wata gonar kaji. Mata masu kwasar ƙwai ne suka buɗe bayan motar gonar za su yi lodi, suka tarar da direbanta, wanda ake kira Birki, a kwance ƙarƙashin kiret ɗin ƙwai. An fasa masa ƙeya. Jini ya cakuɗe da gwaiduwa, ƙudaje har sun taru.

Sufeto ya iso tare da Saje, ya tsuguna ya duba. Duka uku aka yi masa, na ƙarshen ya loɓa ƙashi. Ga dukkan alamu wajen sha biyu abin ya faru. Ga alamar jan gawa a ƙasa tun daga rumbun abincin kaji.

"A can aka kashe shi, aka lodo shi nan," ya ce wa Saje. "To me ya hana a tafi da shi?"

Makulli na jikin mota. Saje ya murza. Ko ƙas ba ta ce ba.

Manajan gonar ya iso yana huci, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Yallaɓai, tun safe ina ofis. Motar nan ko taɓa ta ba na yi. Ku riƙe maigadi, jiya na ji suna cacar baki da Birki."

Saje ya shaƙo wuyan rigar maigadin ya maka shi jikin ƙofa har hularsa ta faɗi.

"Sake shi!" Sufeto ya daka tsawa. "Baba, ina kake da sha biyu?"

"Manaja ne ya aike ni kasuwa, ranka ya daɗe. Shekara tara ina nan, bai taɓa aike na ba sai yau."

Sufeto ya sa aka ɗauko mai wayarin da ke yi wa gonar gyaran mota, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Da ya ga gawar sai da ya dafa mota. Can ya share ido ya danna hon. Shiru. Ya kunna fitila, babu wuta. Ya ɗaga bonet ya ɗora mita a kan batir.

"Batir da ransa, yallaɓai. Amma dubi kansa, ya narke. Babban fis ma ya ƙone."

"Me ke kawo haka?"

"Ƙarfe. Wani ya kawo sifana zai matse kan batir, ta haɗe wuta da jikin mota. Aikin wanda bai san wuta ba ne, kuma yana cikin sauri."

"Me ya kai shi buɗe bonet tun farko?"

Dattijon ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba ya nuna wani ɗan maɓalli.

"Ni na sa wa Birki wannan saboda ɓarayi. In ba ka danna shi ba, ko ka kwana kana murza makulli ba za ta tashi ba. Lafiyarta lau kafin a taɓa ta."

Ya haska cikin injin da tocila, ya zaro sifana mai nauyi da ta faɗa gefen batir. Bakinta ɗaya ya yi baƙi da ƙuna, ɗayan duk jini da gashi. A tsakiyarta wani farin ɗigo ya manne.

"Azurfa ce wannan. Wanda ya riƙe sifanar yana sanye da zobe. Wutar batir in ta bi zobe, nama take dafawa."

Sufeto ya juya a hankali.

"Manaja, fito da hannunka."

"Ruwan shayi ne ya zubo mini da safe."

"Ban ce ka ƙone ba tukuna. Fito da shi."

Manaja ya ja baya, ya fizgi shebur ya kai wa Sufeto sara. Sufeto ya kauce, shebur ya tarwatsa gilashin mota. Saje ya kwashe masa ƙafafu, ya faɗi da baki a kan siminti, haƙori ya yi tsalle. Sufeto ya danne shi da gwiwa, ya murɗe hannun ya warware tsumman da ke naɗe a yatsansa. Yatsan ya kumbura suntum, fatar ta saɓule a zagaye, rabin zoben na nan lume cikin nama.

"Shayin naka zobe yake sawa?"

Manaja ya tofar da jini.

"Kaji dubu biyu cuta ta kashe mini cikin kwana uku. Na ce ya kai wa masu gashi, ya ce ba zai ciyar da mutane mushe ba, hukumar lafiya zai je ya faɗa. Ya juya zai fita, sifana na hannuna... Na so in kai shi daji ne. Motar ta ƙi."

Aka buga masa ankwa. Suna jan sa zuwa motar 'yan sanda sai ga wata mata da goyo ta shigo, riƙe da kular abinci.

"Sannunku da aiki. Don Allah ina maigidana Birki? Yau bai zo cin abinci ba."

 Manaja ya sunkuyar da kai, Saje ya tura shi ciki ya rufe. Sufeto ya cire hularsa ya nufe ta.

"Baiwar Allah, ajiye kular nan. Zo ki zauna tukuna."