Hannu a Gadon Baya

Rana ta kusa faɗuwa muka tsaya a bakin rafi don cika gorunanmu, ni da Kubat. Mu ne na ƙarshe a tseren. Saura hawa guda tsakaninmu da sansanin kwana, amma hawan nan shi ne mashigi mafi tsawo a duk tsaunukan da masu shirya tseren suka zaɓa mana a bayan garin Narin.

Tseren kekunan dutse ne na ɗaliban kwalejoji, irin wanda ake kwana da kwanaki ana yi. Bibbiyu ake haɗa mutane, kuma dole ku iso tare. Ni, Mirlan, an haɗa ni da Kubat ne saboda dalili ɗaya da kowa ya sani: a gangara babu wanda ke ganin ƙurata, a hawa kuwa ko jakin makiyaya sai ya wuce ni yana hamma. Kubat ɗan ajin ƙarshe ne, ƙato, mai ƙirji kamar ƙofa. Aikinsa ya kai ni sama, nawa in sauko da mu.

Kocinmu, Malam Toktosun, ya koya mana yadda ake hawa tun ranar farko. Mai ƙarfi yakan matso gefenka, ya ɗora tafin hannunsa a gadon bayanka, ya tura ka yana tuƙa nasa keken da hannu ɗaya. Ba ya cirewa sai kai da ake turawa ka ce, "Saki." Da ka faɗa, sai ya sake ka, ya wuce ya kama na gabanka. Haka muke yi kullum a atisaye har ya zame mana jiki. Shekara biyu Kubat yana tura ni, yana kirana buhun dankali, ni kuma ina zaginsa a zuciya don ba ni da numfashin zaginsa a fili.

A bakin rafin nan ne ya yi tari, ya tofar a kan dutse. Na duba. Kumfa ce, mai jaja-jaja.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kai dai cika gorarka."

"Tun yaushe?"

"Tun azahar. Kada ka fara min kukan mata."

Leɓunansa sun yi shuɗi. In ya ja numfashi sai ka ji ƙirjinsa yana kurkur, kamar tukunya ta fara tafasa. Duk wanda ya girma a tsauni ya san wannan: ruwa ne ke taruwa a huhu, kuma maganinsa guda ne, a sauke mutum ƙasa kafin gari ya waye. In ba haka ba, a kwance zai nutse.

Na ciro waya, babu sabis. Baya kuwa doguwar fadama ce a saman tsauni, babu sauka, babu gari. Motar masu shirya tseren ba ta bin nan, turbar dawaki ce, ta zagaya ta wata hanya tun safe. Likita yana can bayan mashigi. Wato sai mun ƙara hawa kafin mu sauka, kuma hawan ne ke kashe shi.

"Hau," na ce masa. "Yau ni zan tura."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Kai? Allah ya isa tsakanina da koci."

Amma ya hau.

Na matso damansa, na ɗora hannun hagu a bayansa. Rigarsa jagab da zufa mai sanyi. Wallahi ban taɓa sanin nauyin mutum ba sai ranar. Na sa giya mafi sauƙi, na miƙe kan feda, muka fara gurgurawa. Tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin taya. Ceni, wato sarƙar keken, yana ƙara. Iska tana kawo warin kashin tumaki da ƙanƙara.

Inuwa ta rufe kwarin. Muka kunna fitilun goshi duk da ana iya gani.

Ban yi nisa ba cinyoyina suka fara rawa. Kafaɗata ta mutu. Ina jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Kubat ya daina juya feda da ƙarfi, ƙafafunsa suna bi ne kawai. Na ɗaga kai na ga turbar tana nannaɗe har sama, lanƙwasa bisa lanƙwasa, na san ba zan iya ba. Na sani sarai. Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba, sai don zan je in gaya wa mahaifiyarsa cewa ƙarfina ne ya ƙare.

Keken ya tsaya cak. Na fara karkata zan sa ƙafa a ƙasa.

Sai hannu ya sauka a gadon bayana.

Daidai inda Kubat yake ɗora nasa. Tafi ne mai faɗi, yatsu a buɗe. Ya tura a hankali, yadda gwani yake yi, don kada in yi tangal-tangal. Keken ya miƙe. Feda ta yi sauƙi. Muka tafi.

Da fari na ce alhamdu lillahi, wani ɗan tsere ne ya rage a baya. Har na buɗe baki zan yi godiya. Sai na tuna a sansanin safe an ce mana mu ne na ƙarshe, kuma tun daga rafi ina waiwaye, kwarin fayau yake, ko tsuntsu babu.

Na kasa kunne. Taya huɗu nake ji a kan tsakuwa, nawa da na Kubat. Numfashi biyu. Babu ƙarar wani ceni, babu takun ƙafa.

Fitilata tana haska gaba. Ta bayana babu haske.

Sanyin hannun ya ratsa riga biyu ya kai fata. Wani wari ya taso, irin na tsohon kogo da dabba ta mutu a ciki ta bushe.

Na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuciya. Na kai tsakiya na tsaya. Ni da kaina na tsaya, don in abin ya gudu, wa zai kai mu sama?

"Mirlan," in ji Kubat da wata siririyar murya.

"Na'am, Yaya."

"Ashe kana da ƙarfi, ɗan banza. Shekara biyu kana cutata."

"Yi shiru. Adana numfashinka."

"Me ya sa hannunka yake rawa?"

"Sanyi ne."

Ban waiwaya ba. Na kafe idona a kan tayar gaba. Muna cin lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya da saurin da ko a mota ban taɓa hawa da shi ba. A kowace kwana hannun yana sassautawa, yana jira in daidaita, sannan ya ci gaba. Ya san aikin. Wannan ya fi komai tayar min da tsigar jiki.

Muka kai sama da sauran ja a sararin yamma. Ga tarin duwatsun da matafiya suke ajiyewa, ga tsummokaran da aka ɗaura suna kaɗawa. Can ƙasa, nesa, fitilun sansani kamar garwashi.

"Ga shi can, Yaya. Gangara ce kawai. Za ka iya riƙe birki?"

Ya gyaɗa kai.

"Wuce gaba, ina bayanka. Kada ka tsaya ko me ka ji."

Turbar sauka siririya ce, keke ɗaya take ɗauka. Hagu bango ne na dutse, dama kuwa babu komai sai iska da ƙarar kogi can ƙasa. Na cire hannuna daga bayan Kubat. Ya zame gaba, jar fitilar bayan kekensa tana ƙyaftawa.

Na jira hannun ya ɗaga.

Bai ɗaga ba.

Ya tura.

Na matse birki. Taya ta ja ƙasa, tsakuwa ta watsu ta faɗa ramin, ban ji saukarta ba. Hannun ya ƙara ƙarfi. A wurinsa har yanzu hawa muke yi.

Jan hasken Kubat yana matsowa. In tayata ta taɓa tasa a wannan turba, mu biyu za mu tafi.

Na matse da duk yatsuna. Birki ya fara kuka. Warin ƙonannen ƙarfe ya cika min hanci.

Tsakanina da shi bai fi tsawon keke ba.

Sai rabin keke.

Ina ganin laka a jikin tayarsa.

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba yi shekara biyu.

"Saki!"

Nan take ya saki.

Da yake na danne birki har ƙarshe, keken ya kafe, ni kuma na tashi sama. Na bugu da bangon dutse, na ji ƙashin kafaɗata ya ce ƙas. Na faɗi a kan turba, ƙafa ɗaya tana lilo a bakin rami.

Sai wani abu ya wuce ta gefena. Ban gan shi ba. Sanyinsa ya shafi kumatuna, warin ya bi shi, ƙananan duwatsu suka motsa ɗaya bayan ɗaya zuwa gaba.

A lokacin na gane abin da na faɗa.

"Yaya! Yaya Kubat!"

Jan hasken ya yi wani tsalle gaba, kamar an harba shi. Ya sha kwana ta farko ba tare da ya rage gudu ba. Ya sha ta biyu. Ina kwance ina kallonsa yana sauka tsaunin, yana ƙanƙancewa, ina jiran lokacin da zai bar turba ya yi ƙasa. Ina kuka, ina kiran sunan Allah, ina kiran nasa.

Bai faɗi ba. Hasken ya shiga cikin fitilun sansani ya ɓace.

Wasu makiyaya biyu ne suka zo da doki suka sauko da ni. A tantin likita na tarar da Kubat zaune da abin shaƙar iska a fuska. Likitar ta ce da ya ƙara jinkiri kaɗan, da gawa za a kawo mata. Ta ce kuma sai da maza uku suka tare keken, don bai tsaya ba, ta cikin igiyoyin tanti ya bi. Koci ya rungume ni yana cewa na zama namiji. An cire mu daga tseren don ba mu iso tare ba, ko a jikina.

Kubat ya dube ni ta saman abin fuskar, ya daɗe yana dubana. Na lura a karkace yake zaune, ya dogara da hannu biyu a kan gwiwoyinsa, kamar mai tokare ƙofa.

Huhunsa ya warke cikin 'yan makonni. Kwaleji kam bai koma ba.

Da kafaɗata ta haɗe na je ƙauyensu. Mahaifiyarsa, Inna Burul, ta tare ni a ƙofa. Ta rame har na kusa kasa gane ta.

"Shigo, ɗana. Amma kada ka sha gabansa. Ba ya barin kowa ya sha gabansa."

Yana tsakar gida yana zagayawa. Ƙafafunsa sun haƙa turba a ƙasa, daga bakin garken tumaki zuwa itacen tuffa, a dawo. Ƙaton nan ya zama ƙashi da fata. Yana tafiya ya ɗan rusuna gaba, rigarsa ta lafe a gadon baya. Inna ta ce ba ya iya zama sai ya jingina ƙirjinsa da bango, barci kuwa sai a ruf da ciki, shi ma kaɗan. An kawo liman, an yi karatu, an turara gidan, an kai shi asibitin birni. Tana biye da shi da kwanon miya, yana kurɓa yana tafiya.

Na bi bayansa muka zagaya tare.

"Yaya."

"Buhun dankali. Ya kafaɗa?"

"Ta warke. Hannun yana nan?"

"Yana nan."

"To ka ce ya saki mana!"

Ya yi murmushi ba tare da ya juyo ba. Ya rage murya don kada Inna ta ji.

"Na hau tudun da ke bayan ƙauye ni kaɗai, na faɗa har muryata ta dishe. Ba ya saki in babu na gaba. Na ji lokacin da ka faɗa a kan mashigi, na ji lokacin da ya iso ni. Koci ya koya mana, shi ma a wurinmu ya koya." Ya ja numfashi. "A gidan nan wa ke gabana? Inna ce da ƙannena."

Mutumin nan yana da kalma ɗaya a bakinsa da za ta ba shi barci, ya haɗiye ta wata da watanni.

Na yanke ta tsakiyar fili na tsaya a kan turbarsa, na juya masa baya. Ina jin takunsa yana matsowa, warin kogon nan yana riga shi isowa.

"Ga ni a gabanka, Yaya. Faɗa. Ni ya fara kamawa."

Takun ya zo dab da ni. Na runtse ido.

"Matsa min, ɗan banza," ya ce a kunnena. "Kai da ko tudun makaranta ba ka iya hawa, ina za ka kai shi?"

Ya bangaje ni da kafaɗa ya wuce, leɓunansa a datse. Inna Burul ta bi bayansa da kwanon, tana ce masa ya ƙara ko cokali ɗaya kafin ta huce.