Ɗanyen Bulo a Bakin Kwalbati

Ruwan ya janye da safe, ya bar taɓo har gwiwa a layin gangare. Sufeto na fama da takalmin roba da ya yi masa kaɗan, sai Saje ta leƙo ofishinsa.

"Yallaɓai, an ciro gawa a layin gangare. Tsohuwar ungozomar nan ce, katangar ɗakinta ta faɗo mata. Mutanen layin kuma sun kama mai yashe magudana, suna shirin gamawa da shi."

"Ɗauko mota."

"Mota ba ta shiga, yallaɓai."

"To, ƙafa tana shiga. Mu je."

Abin da suka tarar ba shi da daɗin gani. Gidaje sun zube, katifu na shanye a kan abin da ya rage na katangu. Tela na zaune yana tsame kekunan ɗinkinsa daga laka, mai kantin magani yana kwashe kwalaye da shebur. Ruwan salga ya shiga rijiyoyi, ga matattun awaki a bakin hanya, ga wari. Duk abin da mutanen nan suka tara a hankali, ruwa ya kwashe shi a yammaci guda.

A tsakiyar layin aka yi wa wani mutum zobe. Gajere ake ce masa, don ya fi kowa tsawo a wurin. Shi hukuma ta ɗauka ya riƙa yashe babbar magudanar da ta ratsa ƙarƙashin titi. An riga an yaga masa riga, leɓensa na jini.

Sufeto bai ɗaga murya ba. Kutsawa ya yi cikin taron, ya kama hannun Gajere.

"Wannan nawa ne yanzu. Duk mai son dukansa ya biyo ni ofis ya rubuta sunansa."

Ba wanda ya biyo shi. Sai wata mata mai jajayen idanu ta sha gabansa, 'yar marigayiya ce.

"Yallaɓai, tun da aka haife ni ruwa bai taɓa shiga ɗakin Inna ba. Da ya yi aikinsa, da tana nan da ranta."

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ban san wanda ya yi ba tukuna, amma zan sani."

Kafin su koma ofis, Sufeto ya ce a nuna masa bakin kwalbatin da magudanar ke bi. Tsarin wurin ba shi da wuyar ganewa. Ruwa yakan sauko daga tudu, ya shiga kwalbati ta wannan gefen titi, ya fita ta wancan gefen, ya wuce ta gindin wani filin buga bulo ya tafi rafi. Jiya kuwa bai samu hanya ba, sai ya karkata ya auka wa layin gangare.

Sufeto ya nannaɗe wando ya sauka. Ya ɗaga shara da leda, sai ga buhunan yashi a jere. A bayansu akwai wani abu mai launin toka da ya dunƙule wuri ɗaya. Ya ɓalli kaɗan ya murza, ya rugurguje a hannunsa. Ya ci gaba da tono har ya zaro wani guntun katako mai kusurwa huɗu, sannan wani, sannan wani, duk girmansu ɗaya.

"Saje, kin taɓa ganin shara ta jera kanta?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

"Ni ma. Ɗauki hoto, ki sa katakan nan a buhu."

A ofis aka zaunar da Gajere. Aka ba shi ruwa ya sha.

"Yaushe ka yashe kwalbatin?" Sufeto ya tambaya.

"Jiya da safe, ranka ya daɗe."

"Me ka gani a ciki?"

"Shara ce kawai. Na kwashe tas."

"Ina ka zuba ta?"

Gajere ya sunkuyar da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Na duba gefen titi, babu tulin shara sabo ko ɗaya. Ka san abin da ke gabanka? Sakaci da ya jawo mutuwa. Kotu ba ta wasa da shi, mutanen layin nan ma ba sa wasa. Ka ci gaba da yi mini ƙarya, ni kaina ba zan iya fitar da kai ba."

Nan Gajere ya fashe da kuka, ƙato da shi.

"Ban je ba, ranka ya daɗe. Matata ce ke kwance a asibiti, can na yini. Na ji tsoron a kore ni daga aiki. Amma shekaranjiya na yashe shi, na rantse, har mai shayin bakin titi ya ba ni ruwa na wanke hannu."

"Da ka fara da wannan, da ka huta da rabin kukan. Saje, ki kira asibiti. Shi kuma ya zauna bayan kanta, nan ya fi masa waje lafiya."

Asibiti ta tabbatar da maganarsa. Gajere bai bar gefen gadon matarsa ba sai da ruwa ya tsagaita. Amma wannan bai wanke shi ba, don an riga an turo daga sama cewa a shirya takardun kai shi kotu. Mutane na son a nuna musu mai laifi, ga shi kuwa an samu wanda bai je aiki ba. Sufeto ya tura takardun gefe ya ce a jira shi.

Mai shayi na goge bencinsa lokacin da suka iso. Rumfarsa na kallon kwalbatin kai tsaye.

"Ni ban ga komai ba, yallaɓai. Hadari na haɗuwa na rufe na tafi gida."

"Gidanka ina?"

"Layin gangare."

Sufeto ya kalli ƙafafunsa, ya kalli tabarmar da ke naɗe a ƙarƙashin tebur.

"Kowa a layin nan taɓo ya yi masa safa, kai kaɗai ƙafarka fes. Tabarmarka a bushe. Nan ka fake, malam, nan ka kwana. Ba shayi na zo sha ba, kar ka tsinka mini magana."

Mai shayi ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ni ba na son shiga rigimar manya."

"Ka riga ka shiga. Me ka gani?"

"Ban ga fuska ba, ruwa ya yi ƙarfi, mutumin kuma ya rufa da leda. Amma na ga baro yana tsallaka titi, ya je ya dawo, ya je ya dawo."

"Daga ina?"

Mai shayi ya duba hagu da dama. Da haɓa ya nuna wancan gefen.

Filin buga bulo ne kaɗai wurin da ake hada-hada a ranar. Waɗanda gidajensu suka zube sun fara zuwa tambayar farashi. Mai filin, wanda kowa ke kira Mai Bulo, dattijo ne mai fara'a da tumbi. Ya taso da sauri ya kawo wa Sufeto kujera.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Wannan masifa, sai dai Allah ya kiyaye gaba. Ni ma na aika wa 'yar marigayiya bulo kyauta ta tayar da ɗakin."

"Allah ya saka. Kai ba ka yi asara ba?"

"Kai, na yi mana! Duk ɗanyen bulon da muka buga jiya da safe ruwa ya narkar, ya tafi da shi har katakan."

Sufeto bai zauna ba. Ya fara zagaya filin a hankali, hannu a baya, kamar mai son saye. Ga busassun bulo an jera su reras. Ga rumfar siminti cike har rufi, mota guda da aka sauke kwanan nan, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Ya tsuguna ya duba jikin katanga. Alamar da ruwa ya bari ba ta kai idon sawu ba.

Can gefe ga wasu bulo da aka buga da safiyar nan, kowanne zaune a kan ɗan katakonsa. Sufeto ya sa hannu zai ɗaga ɗaya.

"A'a, yallaɓai!" Mai Bulo ya yi wuf. "Ɗanye ne, zai fashe. Ɗanyen bulo ba a ɗaukarsa sai da katakonsa."

"Ashe? To in na saya fa, da katakon zan tafi?"

Mai Bulo ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Wa zai sayar maka da ɗanye? Sai an ba shi ruwa ya sha, ya bushe ya yi ƙwari. Katako kuwa ba ya fita filin nan, ko ɗan'uwana ne."

"Madalla. Saje, kawo buhun."

Saje ta zazzage katakan a ƙasa. Sufeto ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan na filin, suka zauna daidai kamar tagwaye.

"Naka ne?"

"Nawa ne. Ai na gaya maka ruwa ya tafi da su."

"Ka gaya mini. Ruwan da bai kai idon sawu ba a filinka, shi ya narkar da bulo ya kwashi katako. To mu ce haka ne. Daga filinka ina ruwa yake nufa?"

"Rafi."

"Ni kuma a wancan gefen titi na tono waɗannan, a bakin da ruwa ke shiga. Ka ce mini katakanka sun tsallaka titi, sun hau tudu, sun jera kansu a bayan buhunan yashi?"

Fara'ar Mai Bulo ta ɗauke. Masu tambayar farashi suka matso.

"Wataƙila wani ne ya shigo ya sata..."

"Ɓarawo ya shigo cikin wannan ruwa, ya tsallake busasshen bulo mai ƙwari da ke bakin ƙofa, ya wuce har ƙurya ya ɗauki ɗanye? Ya kuma san sai da katako ake ɗaukarsa? A'a, malam. Duk wanda zai toshe kwalbati busasshe zai ɗauka. Mutum ɗaya ne kawai zai ji ciwon zuba bulon sayarwa a cikin kwata, shi ne mai shi. Ka ga ɗanyen nan ruwa zai ɓata shi ko yaya, sai ka ce bari ya yi amfani. Rowa ce ta kama ka, ba ni ba."

Mai Bulo ya nemi kujerar da ya kawo wa baƙo, ya zauna a kanta. Ya daɗe yana kallon rumfar simintinsa.

"Ruwan na fitowa daga kwalbati kamar zai cinye filin," ya ce da ƙaramar murya. "Duk abin da na mallaka yana cikin rumfar can. Na ce bari in rage masa ƙarfi kawai, in ya tsagaita in buɗe. Wallahi ban yi zaton zai juya gangare haka ba."

"Da gari ya waye fa? Kana nan kana jin ana dukan Gajere."

"Na ji."

"Ka fito?"

Mai Bulo ya girgiza kai.

"Ka san wadda ta rasu?"

Sai a nan hawaye ya zubo masa.

"Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Na farin ma da ƙyar aka same shi, ita ta tsaya a kan uwarsa har ya yi kuka."

Sufeto ya sha jin masu laifi suna kuka, yawanci ba ya motsa shi. Wannan ya motsa shi, ya kuma ba shi haushi, don mutumin ba mugu ba ne a fuska, kuma ga gawa.

"Saje, sa masa ankwa. Ki kira ofis a saki Gajere, a kai shi asibiti wurin matarsa. Takardun kotun nan a canza suna."

Sun fito bakin titi ke nan suka yi kiciɓis da 'yar marigayiya. An dawo daga binne uwarta, labari kuma ya riga su isa. A bayanta wani mai baro ne ɗauke da bulon da Mai Bulo ya aika mata da safe.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce wa mai baron ya sauke, ya jera su a ƙofar filin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi Mai Bulo.

"Baba, ga kayanka. Inna ba ta buƙatar ɗaki yanzu."

Mai Bulo ya bi bulon da kallo. Saje ta taɓa kafaɗarsa suka fara tafiya.

Mota har yanzu ba ta shiga, kuma hanya ɗaya ce zuwa ofis. Ta layin gangare suka bi da shi, a ƙafa, cikin taɓo, ta gaban kowane gida da ya zube.