Tauraro Biyar Don Yaya

Rana tsaka, a bayan wani gareji da ya daɗe da daina gyaran mota, Kunama ya ɗora wayarsa a kan bonet ya ce su matso. Su uku ne: shi shugaba, sai Tsumma mai riƙe bindiga, sai Birki direbansu.

Taswirar ƙasa ce a fuskar wayar, an yayyafa mata jajayen ɗigo. Kowane ɗigo reshe ne na wani kamfanin sayar da wayoyi, a ƙarƙashinsa kuma ga taurarin da kwastomomi suka ba shi. Rassan sun cunkushe a manyan birane, sai ɗai-ɗai a kan manyan hanyoyi.

"Ni ba na biyan ɗan leƙen asiri," in ji Kunama. "Kwastoma mai fushi ya fi shi aiki, kuma kyauta yake yi. Tsumma, karanto mana."

Tsumma ya karanta yana washe baki. "'Maigadi kullum barci. Kyamara ado ce kawai. Na bushe a tsaye ban ga manaja ba.' Kai, Allah Ya saka wa wannan bawan Allah."

Tsarin ke nan. Duk reshen da ya zubo ƙasa da tauraro uku, ya shiga layin yanka. Sun ci rassa huɗu a haka, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Birki bai yi dariya ba. Idonsa na kan ɗigon da ke kusa da tashar motar garinsu. Tauraro biyu da rabi, kuma sauka yake yi. A nan yayarsa take aikin kashiya. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita kuma ta watso masa kaya waje ranar da ta tsinci harsashi a aljihunsa. Ta ce kada ya ƙara kiranta Yaya, ta toshe lambarsa. Duk da haka bai da kowa a duniya sai ita, kuma ya san Tsumma sarai: in ya shiga shago, hannunsa na riga hankalinsa.

Gaya wa Kunama bai taso ba, don mutumin da rauninka yake kiwonka. Sai Birki ya koma kan buhun wayoyin sata da ke ɗakin ajiyarsu. Waya bayan waya, layi bayan layi, ya dinga zuba wa reshen yayarsa tauraro biyar. "Tsaro sai wanda ya gani." "Masu gadi ido buɗe." Da ya tsaya nan, da an wuce wurin. Amma zuciya ba ta da linzami. Ya shiga ƙarawa: "Kashiya mai gilashi ta san aikinta." "Saboda ita nake dawowa." "Wannan baiwar Allah manaja ta dace da ita." Yana rubutawa idonsa na cikowa, ɗan fashi guda.

Reshen ya haura huɗu da rabi. Kunama ya tsallake shi ko kallo babu. Birki ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Aiki na gaba ya faɗa kan wani reshe mai tauraro ɗaya, can nesa a bakin babbar hanya, tsakanin gidan mai da shagon tayoyi. Da hantsi suka isa. Birki ya juya kan mota ya bar inji a kunne kamar kullum.

"Kashe," in ji Kunama. "Yau ciki za ka shiga. Kuma ba rufe fuska."

"Oga, ni direba ne."

"Ai na ɗauka marubuci ne." Kunama ya dafa masa bakin bindiga a haƙarƙari. "Ka zaci ban san yawan wayoyin buhuna ba? Shege. Ka yabi yayarka har hedikwata ta ji, suka ɗauko ta suka ba ta manaja a nan ta gyara musu wannan juji. Makullin sito na hannunta. Kai za ta buɗe wa, ba sai mun sha wahalar ƙofar ƙarfe ba. Fita."

Ƙafafun Birki suka ɗauke shi ba da saninsa ba.

Tsumma ya banke ƙofar gilashi. "Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!" Maigadi ya sha gindin bindiga a ƙeya ya zube. Wata mata ta kifa a kan 'yarta. Kwalaye suka tarwatse.

Yayar Birki tana tsaye a bayan kanta, sanye da sabuwar rigar manaja. Ta gyara gilashinta ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Yaya, don Allah ki ba su makullin."

"Wace ce yayarka?"

"Za su kashe ki, wallahi."

"To me ya rage? Kai ai ka riga su."

Hannunta ɗaya yana ƙarƙashin teburin kanta, tana danna wani maɓalli. Birki ya gani ya kawar da kai. Abu na farko da ta gyara da zuwanta shi ne ƙararrawar da ke kai wa 'yan sanda kira, kuma motar sintiri ba ta da nisa da shataletale.

"Malama, ba surutu muka zo ji ba," in ji Tsumma. Ya ɗaga bindiga ya saita goshinta.

Birki bai yi shawara da kowa ba. Ya sungumi kujerar ƙarfe ya maka wa Tsumma a hannu — tau! Harsashi ya fasa silin. Suka zube tare cikin gilasai. Kunama ya juyo ya ɗirka wa Birki ɗaya a cinya, ya finciko jakar wayoyi ya nufi ƙofa.

Jiniya!

"Mu fece!" Tsumma ya yi waje yana harbi barkatai. Bai kai bakin kwalta ba aka kwantar da shi. Kunama ya faɗa mota ya lalubi makulli — babu. Yana aljihun Birki. A kan kujerar direba aka zaro shi, yana tsine wa Birki uwa da uba.

Tsumma ya mutu. Maigadi ya rasa ji a kunne ɗaya. Kunama ya tafi inda ba zai ƙara ganin taswira ba. Birki kuwa, da ya farfaɗo a gadon asibiti da ankwa a hannu, abu ɗaya ya tambaya, aka ce yayarsa tana raye ko ƙwarzane babu. Ya ce to a yi masa duk abin da za a yi.

Da aka sallame shi aka kai shi ofishin bincike yana dogara sanda. A kan bencin baranda ya same ta. Babu rigar manaja. Hannayenta biyu a haɗe cikin ankwa.

"Yallaɓai, me ta yi?" in ji Birki. "Ita ce fa ta kira ku!"

Sufeton bai ko ɗago daga teburinsa ba. "Mun bi sawun yabon da ya kawo ta reshen. Duk daga wayoyin buhunku ya fito. Kun ɗaga ta da taurarin ƙarya, an ba ta makulli, kun zo karɓa, rabo ya haɗa ku faɗa. Wannan ko yaro ya gane."

"Wallahi tallahi ba ta sani ba. Ni kaɗai na yi. Don in kare ta na yi."

"Ka faɗa wa alƙali. Kamfani dai ya kore ta tun jiya."

Aka zaunar da shi a ɗaya ƙarshen bencin. Ya kasa dubanta. Ya so ta zage shi, ta tofa masa yawu, ko ta kwaɗa masa ankwar a ka, da ya fi masa sauƙi. Tana kallon bango ta yi magana a hankali.

"Kullum in na tashi aiki sai na zauna na karanta kalaman yabon nan. Har kuka na yi. Na ce duk shekarun nan da nake tsaye a bayan kanta, ashe akwai masu gani." Ta juyo ta dube shi. "Ko guda ɗaya babu na gaske a ciki?"

Birki ya buɗe baki. Ya san kowanne da ka, shi ya rubuta su duka.

"Babu, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Da aka kira ta ta miƙe ta bi ɗan sandan, ba ta waiwayo ba.